Gwadabe Ya Ɗebo Wuta

Baƙi da yawa kan ɗauka saboda Malam Gwadabe aka raɗa wa Ƙofar Guga suna, shi kuwa bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara musu ba. In wani ya tambaya, sai ya ɗaga dutsen gugarsa ya ce, "To ga guga, ga ƙohwa, mi ya rage?" Ƙofa dai ta girmi kakan kakansa. Amma a cikin masu rai da wuya ka sami wanda ya tuna lokacin da lungun nan ba shi da shagon wanki da guga a gindin bedi, wato darbejiya, da wani dogon mutum siriri a ciki yana hura gawayi.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kuma dutsen gugar ma gadon kawun ne. Baƙin ƙarfe ne na da, mai mariƙin katako da ɗan zakara a goshi wanda ke kulle murfin, shi ya sa duk unguwa ake kiransa Zakara. Nauyinsa kuwa, wanda bai saba ba in ya ɗaga sai ya nemi taimakon ɗaya hannun. Da an sallame sallar asuba Gwadabe zai hura gawayi a kasko, ya cika cikin Zakara da garwashi, ya fito bakin shago yana lilo da shi gaba da baya har ya yi ja. In toka ta taru ya kai bakinsa kusa da hujin gefe ya busa, rabi ta fita waje, rabi ta bi shi ciki. Haka ya yi tun gemunsa bai fito ba har ya yi fari.

Abin da yake taƙama da shi kari ne. A zamanin da ma'aikata ke ji da kansu, ana gane wanda Gwadabe ya goge wa kaya tun daga bakin ofis, don karin hannun rigarsa na nan tsaye har a tashi aiki. Bai yi kuɗi ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da Zakara ya yi aure, da shi ya rufe ɗakuna biyu da kwano, da shi ya kai 'yarsa tilo makaranta har ta zama malama. Sunan mahaifiyarsa Kubura ya sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ita ma ta riƙe sunan da gaske. Tun da mahaifiyarta ta rasu take juya shi kamar ita ta haife shi.

Katanga ɗaya ta raba shagonsa da gidan Hajiya Asabe, wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wadda bakinta ya fi zoɓonta tsami amma cikinta fari ne tas. Tun tana amarya a gidan, kullum da safe za ka ga kasko ya leƙo ta saman katanga, ka ji murya ta ce, "Malam Gwadabe, an tashi lahiya? A ɗan sam mani wuta." Shi kuma ya amsa gaisuwa, ya tambayi gida da yara da kwanan jiki, ya zuba mata garwashi. Da shi take kama murhu, da shi take turaren ɗaki. Babu wanda ya taɓa kawo zancen biya, don a garin nan ɗiban wuta ba ciniki ba ne. Ko maƙwabcin da kuke gaba da shi, in ya miƙo kasko zuba masa ake yi.

Sannu a hankali gawayin ya lalace. Na kirki, na itacen ƙirya da marke, mai ci a natse ba hayaniya, ya zama sai labari. Itatuwan kusa an ƙarar da su, dazukan nesa kuma ba kowa ke iya shiga ba. Abin da masu kura ke kawowa sai wani gawayi mara nauyi, ɗanye-ɗanye, mai hayaƙi da tartsatsi, ga tsada kamar da zinariya aka haɗa shi. Gwadabe ya koma yana guga yana kare kayan mutane da jikinsa kada tartsatsi ya huda su. Sai tari ya zo. Da farko ya ce mura ce, ya sha citta da kanumfari. Da abin ya kai yana tsayawa a tsakiyar riga ya dafa tebur yana neman numfashi, Kubura ta zo daga gidan aurenta a Kambarawa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita bai ja zance ba. Ya ce ƙirjin ya sha hayaƙi iya shansa, in ana son sauran numfashin ya ɗore a rabu da gawayi yau, ba gobe ba.

A hanyar komawa Kubura ta ida nata hukuncin. "Baba, an gama. Ɗakin zaure na nan, Ummaru ya ce zai sa a yi mashi fenti. Bayan ƙaramar sallah zan zo in kwashe ka. Ka zamna ka huta, mi ya yi saura?"

Ummaru mijinta ne, mutumin kirki, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci wa Gwadabe rai, don da mugu ne da ya sami abin faɗa. Ya zauna a gidan suruki? Ya riƙa jin ƙarar kwano yana sanin tuwon wani ne za a kawo masa, ya yi tari a hankali kada ya dami maigida, ya haɗu da mijin 'yarsa a bakin ƙofa kowa na sunkuyar da kai? Tsoro ya ji, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ya san in ya bar lungun nan ya ajiye Zakara, abin da ya rage masa sai jiran ranar tafiya.

Ya gwada dutsen lantarki da wutar gari. Ita kuwa wutar gari baƙuwa ce a Ƙofar Guga, ta leƙo ta gaisa ta wuce kafin dutse ya yi ɗumi. Janareta kuma, ban da kuɗin mai, ai wani hayaƙin ne. Ya rufe shago ya zauna a gindin bedi, kayan mutane na jibge a ciki.

Da safe kasko ya leƙo ta saman katanga kamar kullum. Gwadabe ya dube shi. Can ya ce, "Hajiya, yau babu. Kuma ina jin babu ke nan."

Kaskon ya koma. Ashe Hajiya Asabe tana can tana lissafin wani abu. A bara ta gaji da janareta, ta sa an jera mata farantan sola a saman rufi, firizojinta suka koma cin hasken rana. Wanda ya yi mata aikin Sadiq ne, magidanci ɗan unguwar, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran janareta har ya ga kasuwar na gudu ta bar shi, ya bi ta inda ta nufa. Shi ya taɓa gaya mata cewa kafin azahar batiranta sun cika maƙil, sauran wutar da farantan ke iya bayarwa a banza take tafiya. Hajiya Asabe kuwa ta tsani asara, ko ruwan wankin shinkafa ba ta zubarwa sai ta nemi akuyar da za ta sha.

Da hantsi sai ga baƙar waya ta sauko ta saman katanga, daidai inda kasko ke leƙowa.

"Malam Gwadabe, amshi nan."

"Mi ke nan, Hajiya?"

"Wuta ce. Ta ishe ni har ta yi yawa. In rana ta hito ka jona dutsenka."

Ya ce a'a, ba zai iya ba, wannan kaya ne na kuɗi. Ta ce, "Ni da na tsuhwa ina ɗibar taka, ka taɓa ce mani kaya ne na kuɗi? Wuta dai ce. Ko don tawa ba ta da toka ka raina ta?"

Ya karɓa. Sai dai Hajiya ta ce in rana ta fito, shi kuma mutum ne da duk rayuwarsa rana ke iske shi a bakin aiki. Washegari ko da gabas ta yi ja, ya ga ƙeyar rana a bayan rufin masallaci, ya ce to ai ga ta nan. Ya jona dutse ya shiga rama kwanakin da ya rasa. Abin da bai sani ba, a wannan lokacin farantan ba su fara komai ba, ɗan abin da ya kwana a batir shi firiza ke lallaɓawa da shi. Bai gama riga ta uku ba ya ji wani abu na tsuwa a cikin gida kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Inbata ce ke kuka, na'urar da ke kai wutar batir cikin gida. Kafin a farga komai ya mutu, ƙanƙarar da masu shayi da masu kifi ke jira ta fara hawaye.

Kunya ta rufe Gwadabe. Ya naɗe wayar tsaf, ya miƙa ta saman katanga, ya ce a yi haƙuri, ya gode, Allah ya saka. Bai koma mazauninsa ba wayar ta faɗo masa a kafaɗa.

"Sau nawa garwashinka ya ƙona mani tabarma?" in ji Hajiya Asabe. "Na daina ɗiba? Ka jira Sadiq shina zuwa."

Sadiq ya zo yana danne dariya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba Gwadabe, ita wannan wutar ba ta sammako. Ba hitowar rana za ka duba ba. Ka bari sai inuwar bedin nan ta janye daga bakin shagonka, sannan ka jona. In ta juya ta hau katangar Hajiya, ka cire."

Wato lokacin da ya saba ƙailula shi ne ya zama lokacin aiki, lokacin aikinsa kuma ya zama na zama. Ranakun farko ya sha wuya. Ya dawo daga masallaci hannunsa na ƙaiƙayi, ya rasa abin yi, ya share shago, ya sake sharewa. Daga baya ya mai da wanki da sa sitaci zuwa safiya, shanya ta bushe da hantsi, guga ta biyo baya. Sai ya ga ashe tsarin ya fi na da daɗi, rana ɗaya ce ke busar masa da kaya ta kuma goge su. Abin da ya kasa bari shi ne lilo. In ya ji kamar zafi ya ragu sai ya ɗaga dutse ya wurga shi gaba da baya, waya ta fizge daga soket, Hajiya ta jiyo ta ce, "An kuma."

Tari ya fara sauƙi. Amma wata matsalar na jiransa, kuma ita ta fi zafi, don ta taɓa sunansa. Dutsen lantarkin da Kubura ta taɓa saya masa ɗan yayi ne, fari, mara nauyi, ka ce abin wasan yara. Yana da zafi, ba shi da hannu. Ya bi kan yadi mai sitaci ya wuce sumul, kari ya fito da safe, kafin azahar ya kwanta.

Alhaji Mannir ne ya fara magana. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, amma har yau ko gaisuwar mara lafiya zai je sai da babbar riga mai sitaci, kuma tun yana ƙaramin akawu Gwadabe ke masa guga. Ya zo da kansa, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya buɗe rigar a kan tebur.

"Malam Gwadabe, ba hwaɗa na zo ba. Amma duba nan. Wannan ba hannunka ba ne. Jiya a wurin ɗaurin aure wani ya tambaye ni ko ka rasu."

Ya kwashe sauran kayansa ya ce zai ɗan kai wani wuri kafin jiki ya ƙara ƙwari. Da ladabi ya faɗa, kuma ladabin ne ya fi ciwo. Wasu ma suka bi sahu. Azumi ya kama, lokacin da a da kayan sallah ke kai wa rufi, shagon Gwadabe kuwa ana ganin bangonsa. Kubura ta aiko cewa an gama fenti, shuɗi ne mai haske, har an sa labule.

Ran nan ya jawo Zakara daga ƙarƙashin tebur don kawai ya goge masa tsatsa. Ya ɗora shi kusa da farin dutsen, ya zauna yana dubansu. Ɗaya na da nauyi ba wuta, ɗaya na da wuta ba nauyi. Ya buɗe murfin Zakara ya leƙa cikin da garwashi ke zama, wuri ne fili guda. Ya juya farin ya ga ƙusoshi ne kawai suka riƙe shi. Da Sadiq ya zo wucewa ya yafuto shi.

"Sadiƙu, shi wannan ɗan banzan, mi ke sa shi zahi?"

"Wani ƙarhe ne a ciki, Baba, a lanƙwashe."

"To zaro mani hanjin nashi ka sa ma Zakara."

Sadiq ya buɗe baki zai ce ba a yi, sai ya rufe. Ya ɗauki Zakara ya juya shi, ya auna cikin da yatsa, ya ce a ba shi kwana biyu. Ya fi haka, don sai da ya haɗa da wani mai walda a Ƙofar Ƙwaya, na farko da suka ɗaura ya ƙone, suka sake. Suka kwantar da ƙarfen a gindi ya manne sosai, suka bar abin da ke kashe wuta in zafi ya kai, suka fitar da waya ta hujin da toka ke fita, suka naɗe ta yadda ba za ta ja mutum ba. Zakara ya dawo gida da wutsiya.

Da inuwa ta janye daga bakin shago Gwadabe ya yi bisimilla ya jona. Ya jira, don baƙin ƙarfe ba ya gaggawa. Ya lashi yatsa ya taɓa gindin, ya ji 'yar ƙarar da ya sani. Ya shimfiɗa farar rigarsa ta Juma'a, ya yayyafa ruwa, ya saki nauyin a kanta. Tururi ya tashi, ƙamshin sitaci ya cika shago, shi kaɗai, ba hayaƙi a bayansa. Da ya ɗaga, kari na nan miƙe kamar an ja shi da zare. Ya ja numfashi har ƙasa, ya jira tari, bai zo ba. Daɗi ya kama shi har ya rasa wa zai gaya wa, sai ya buga katanga da tafin hannu.

"Hajiya, wutarki ta kama."

Ya sa rigar ya tafi masallacin Juma'a, ya san sahun da Alhaji Mannir ke tsayawa, ya je ya tsaya a gabansa. Bai ce masa komai ba ban da gaisuwa. Ranar Asabar da safe ƙunshin kayan Alhaji ya riga shi zuwa bakin shago.

Daga nan labari ya bazu. Masu guga daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa kallon Zakara mai wutsiya, wasu da nasu tsofaffin duwatsun a buhu, har Sadiq ya ware wa aikin rana guda a mako. Mai kurar gawayi ya daina tsayawa a lungun. Bangon shago da ya yi baƙi tun zamanin kawu aka shafe shi da farar ƙasa, ya kuma zauna fari. Bayan damina Gwadabe ya ɗora farantansa a kan nasa rufin, amma Hajiya ta hana a cire wayar katanga, ta ce wa ya sani. Tarin bai tafi duka ba, yakan leƙo da sanyin safiya. Ranar da hadari ya rufe gari kuma babu guga, sai a zauna a yi hira, masu kaya su yi haƙuri.

Amma duk wannan daga baya ne. Ranar da shi yake ba da labarinta ita ce ta bayan ƙaramar sallah, da Kubura ta zo kwashe shi kamar yadda ta ce. Ummaru ya tsaya da mota a bakin lungu, ita ta shigo da ƙatuwar jakar bakko a ninke a hammata. Ta iske layin kaya a rataye, mahaifinta a tsaye yana aiki da tsakar rana. Ganin Zakara a hannunsa ya sa ranta ya ɓaci.

"Baba, ashe gawayin ka koma ma?"

"Shinshina ki ji, Uwata."

Ta shinshina. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ƙofa, ta buɗe tsohon kasko ta ga har gizo-gizo ya yi saƙa. Ta bi waya da ido har saman katanga. Sannan ta zauna a kan benci, ba kayan take kallo ba, ƙirjinsa take saurare. Ya gama riga, ya ɗauki wata, ya gama, yana ba ta labarin ƙanƙarar Hajiya, bai tsaya ya dafa tebur ba ko sau ɗaya. Ta daɗe a haka. Da ta tashi ba ta ce komai a kan ɗaki mai shuɗin fenti ba, ta yi sallama ta fita da jakarta a ninke yadda ta shigo da ita.

Ya kwana bai san hukuncin da ta yanke ba. Washegari da hantsi sai ga ta kuma, ta rungumo jakar da hannu biyu, a cike har zip ya ƙi rufuwa. Ta dire ta a kan tebur. Kayan Ummaru ne, da nata na makaranta, har da labulen ɗakin zauren.

"Gobe nike so, Baba," ta ce, idonta ya kawo ruwa tana murmushi.

Gwadabe ya dubi jakar, ya dubi kayan da ke jere a gabanta.

"Sai jibi, Uwata. Akwai waɗanda suka riga ki."